Jawabi Kan Shawarar Kafa Asusun Ba Sababbin Kamfanoni Jari

 

An umurce ni in yi magana a kan shawarar da samarinmu suka kawo, cewa mu haɗa kuɗi mu kafa asusun da zai riƙa zuba jari a sababbin kamfanoni. To, ni a goro na tashi, amma zan faɗi abin da na fahimta.

Wannan harka a Amurka ta kafu. A 1946 aka buɗe wani kamfani a Boston ƙarƙashin Georges Doriot, malami a jami'ar Harvard, aikinsa kawai ba masu sabuwar dabara jari. A 1957 ya ba wasu injiniyoyi biyu dala 70,000 su ƙera kwamfuta, ya karɓi mafi yawan hannun jarin kamfanin nasu, Digital Equipment. Daga baya wannan rabo ya koma miliyoyin dala masu ɗimbin yawa. Nan Legas ma an gani. Shola Akinlade da Ezra Olubi sun kafa Paystack a 2015, a 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan sama da dala miliyan 200.

Labarin da ke ɗaukar hankalin yaranmu ke nan. Amma jama'a, waɗanda suka ci ake ba da labarinsu. Masu wannan sana'a da kansu sun san cewa yawancin kamfanonin da suke sa wa kuɗi mutuwa suke yi, ɗaya ko biyu ne ke fanshe asarar sauran. Shi ya sa ba sa zuba kuɗin wuri guda. Kuma kuɗin kwanciya yake yi, galibi shekara goma. Masu riƙe asusun kan ɗauki kashi 2 cikin 100 duk shekara na gudanarwa, da kashi 20 na riba in an samu.

Mu da muka yi Islamiyya mun karanta babin kiradi: mai dukiya ya ba da jari, mai aiki ya juya, a raba riba yadda aka yi yarjejeniya. In aka faɗi ba tare da sakacin mai aiki ba, asarar ta mai dukiya ce. Mun karanta, amma wallahi ba ma aiki da shi. Ni kaina na taɓa ba wani yaro jarin goro, kaya suka lalace a hanya, na bi shi har gidan mahaifinsa kamar bashi na ba shi. Har yau ba ma gaisawa sosai, kuma ni ne ban kyauta ba.

Abin da nake tsoro ke nan a Sabo, inda kowa surukin kowa ne. Don haka ina goyon baya, amma da sharaɗi. Kada mutum ya kawo kuɗin hayar shago ko na auren 'yarsa. A rubuta komai gaban lauya da malamai. Masu zaɓen kamfanin da za a ba kuɗi kuwa, in ɗan ɗayansu ne ya zo nema, to ya fita daga ɗakin sai an gama.

Sakatare na da takardar sunaye, mai sha'awa ya gan shi bayan sallar La'asar. Wassalamu alaikum.