Kada Mu Sayar Da Tsohon Tangaran Sai Mun Kifa Shi

 

Maganarmu ta yau a kan tangaran ce. Mun sha gani idan tsohuwa ta rasu aka zo rabon gado, sai a haɗa tangaran ɗin jerenta da kwanukan samira a ba dillaliya a kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Alhali a ciki akan samu na Ingila, irin hajar da kamfanoni kamar John Holt da UAC suka riƙa shigowa da ita. Wani lokaci ma haƙƙin marayu ne.

To, jama'a, mu kifa farantin mu duba gindinsa, nan maƙera suke buga tambarinsu.

Na farko, kalmar England. Dokar harajin Amurka ta 1890 ta wajabta rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya, shi ya sa daga 1891 masu tangaran suka riƙa sa ta. In kuwa Made in England muka gani, galibi na ƙarni na 20 ne.

Na biyu, alama mai kusurwa huɗu da Rd a tsakiya. Wannan ta rajistar zane ce, daga 1842 zuwa 1883. Daga 1884 aka koma Rd No da lamba. Amma fa shekarar rajista suke nunawa, ana iya ƙera farantin bayan nan.

Na uku, suna. Wedgwood tun 1759 yake. In muka ga Wedgewood da ƙarin harafin e, ba nasu ba ne. Johnson Brothers 1883 suka fara. Tambarin Royal Doulton mai zaki da kambi bai riga 1902 ba.

Na huɗu, mu ɗaga shi a rana. Wanda aka haɗa da tokar ƙashin shanu za mu hango inuwar yatsunmu ta cikinsa. Mu ƙwanƙwasa shi a hankali: lafiyayye yakan yi ƙara tangaran, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take.

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada, sai an duba lafiyar kayan da ƙarancinsu. Saboda haka kada mu yi gaggawar sallamawa, mu nuna wa masu sani biyu ko uku. Ku kuma 'yan gwanjonmu, in kun gane mai daraja ne, ku gaya wa mai shi gaskiya. Amana ce ta zaunar da iyayenmu a Ikko.

Allah ya ba mu halal.