Jawabin 'Yan Kasuwa Kan 'Ya'yanmu Masu Karatu a Kashere

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, malamarmu ta yaƙi da jahilci, 'yan uwa, sannunku da zuwa. Allah ya maimaita mana.

Mu da muka fara riƙe fensir da goyo a baya, yau ga 'ya'yanmu a jami'a. Da yawansu Jami'ar Tarayya ta Kashere, wadda aka kafa a 2011, suka samu, can ƙaramar hukumar Akko. To amma da suna ya fito sai ka ji ana cewa a gida, "Kashere? Ai ƙauye ne, ta jira baɗi ko za a samu cikin Gombe." 'Yan uwa, baɗin nan shi ke cinye yarinya. Kafin ya zagayo an kawo kuɗin gaisuwa, zancen karatu ya mutu. Mu riƙa gaya wa iyayensu maza, cikin ladabi, digirin ƙauye da na birni ɗaya ne, kuma bautar ƙasa tare ake tafiya.

Kuɗin rajista bai cika kayar da yarinya ba, tunda sau ɗaya ne a shekara, kwasar adashi na ɗauke shi. Ƙananan nan su ne masu cin rai: kuɗin mota, katin waya, hoton takardu, gawayi, ga ruwan 'yan garuwa idan haya take a gari. A birni tana da gwaggo ko inna da za ta leƙa ta ci tuwo. A can kuwa sai abin da ke cikin buhunta. Ga kunya irin ta 'ya'yanmu, garin kwaki ya ƙare kwana uku, kina kira tana cewa lafiya lau Mama.

Shi ya sa muke roƙon ƙungiya mu haɗa kaya duk wata. Mai shinkafa mudu ɗaya, mai manja kwalba, mai kuka da daddawa abin da ya sawwaƙa. Mota ɗaya, mata biyu su bi ta, ana karɓa-karɓa. In sun je su shiga ɗakin da idonsu, su duba ƙofar tana kulluwa, su gaisa da mai gidan hayar ya san yaran nan da iyayensu. Su kuma ce a nuna musu sakamakon jarrabawa. Alhamdu lillahi, yanzu dai ko ba komai mun san A mun san F.

Duk mai 'ya a can ta ba sakatariya suna kafin mu tashi.