Kafin a sauke tankin motarka

Hirarmu ta wannan mako ta taso ne daga tambayar wani direba a unguwar Zongo da ke yammacin Wagadugu. Ya ce motarsa ta fara shaƙewa idan ya taka mai, ran nan kuma ta mace masa a kan hanyar Bobo Julaso. Makaniki ya ce famfon mai ne, sai an sauke tanki. Shi ne yake tambaya, ya yarda ko kuwa? Amsar ta shafe ka ko a Maradi kake, ko Kumasi, ko Katsina, domin motocinmu kusan duk iri ɗaya ne: na hannu, waɗanda suka gama aiki a ƙasashen waje aka sauke su a Lome, Kwatano ko Tema.

Ka fara sanin abin da za a canza maka. A yawancin motocin fetur masu injekta, famfon yana nutse ne cikin tanki. Man da yake turawa shi ke sanyaya shi, shi ke hana shi cin kansa. To kai da kullum allurarka na kwance a ja, kana zuba lita biyu yau, kwalba ɗaya gobe, famfon nan cikin zafi yake aiki, yana zuƙar iska da laka. Ga jar ƙurar hanyoyin Zongo a lokacin hunturu, ga ruwan Agusta, ga man kwalba na bakin titi da ba ka san abin da ke cikinsa ba. Duk a gindin tanki suke taruwa.

Amma kada ka bari a taɓa tanki sai an tabbatar famfon ne. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da injin ba, ka kasa kunne wajen kujerar baya. Famfo mai rai yakan yi ɗan gunji na kamar daƙiƙa 2. In ka ji shiru, a duba fis, a duba rile, a duba waya ko wuta na isa wurin. Sau nawa aka sauke tanki, aka sayi sabon famfo, ashe fis ne ya ƙone? In kuma yana gunji amma mota ba ƙarfi, a duba matatar mai, a auna ƙarfin turawar. A irin waɗannan motoci yakan kai wajen bar 3. Makanikin da ya yanke hukunci bai auna komai ba, da kuɗinka yake canke.

Sannan ka ce a ɗaga kujerar baya ko shimfiɗar but. Motoci da dama, irin su Corolla da Golf, suna da murfi a nan wanda ake zaro famfon ta cikinsa, tanki na zaune a wurinsa. Mercedes 190E kuwa, famfonta a waje yake, ƙarƙashin mota kusa da tayoyin baya. Wadda ba ta da murfi, kamar yawancin a-kori-kura, ita ce ake sauke wa tanki.

To in ya tabbata sai an sauke, ga abin da ya kamata idonka ya gani.

Na farko, wurin aikin. Tururin fetur ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama kamar hayaƙi, ƙasa yake bi yana rarrafe, ya cika rami, ya tafi neman wuta. Ka dubi garejinmu na unguwa: ga mai shayi da kurfotinsa, ga mai walda a gefe, ga mai tuyar ƙosai, ga yara na wasa. A matsar da motar fili mai iska, nesa da duk wannan. Ba taba, ba fitilar aci-bal-bal, ba ƙwan lantarki mai zafi a ƙarƙashin mota. A ajiye bokitin yashi ko tukunyar kashe gobara kusa. Kada a watsa wa wutar fetur ruwa, yaɗa ta zai yi.

Na biyu, a rage matsin da ke cikin bututu: a cire fis ɗin famfo, a tayar da injin har ya mutu da kansa. Sai a kwance kan batir na baƙar waya. Wanda ya tsallake wannan, da ya zare tiyo mai zai feso masa a ido.

Na uku, a kwashe man. Lita ɗaya ta fetur ta kai kimanin kashi uku cikin huɗu na kilo, ke nan lita 40 kilo 30 ce, ban da nauyin tankin, ga shi yana tangaɗi a saman ƙirjin mutum. A zuƙe shi da famfon hannu cikin jarka mai murfi. Ina roƙonku, iyayen gidan gareji, ku daina sa yaro ya ja fetur da baki. Kurɓi ɗaya in ya sarƙe shi ya shiga huhu, sai asibiti.

Na huɗu, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A tokare ta da ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri, a sa wa tayoyi waigi. Bulon siminti fashewa yake ba sallama. A tallafi tankin da jak da faifan katako, a kwance maɗauran, a sauke shi kaɗan, sannan a zare tiyon zuba mai, da na numfashi, da bututun mai, da soket ɗin waya. Wanda ya sake shi gaba ɗaya, tsinke waya zai yi, ya ƙara maka wani aikin.

Yanzu ga inda kuɗinka ke tsira ko ya salwanta. Kafin a buɗe murfin famfo, a share ƙurar da ke kewaye da shi. Zoben da ke riƙe murfin, da katako ko tagulla ake buga shi, domin ƙarfe kan ƙarfe na fitar da tartsatsi. In an zaro famfon, ka leƙa cikin tankin da tocila da kanka. In ka ga tsatsa, ko laka, ko ruwa kwance a ƙasan mai, to ka ga abin da ya kashe tsohon, kuma shi zai kashe sabon. A wanke tankin, a bar shi ya bushe sarai. A sa sabuwar rariya a gindin famfo, sabuwar robar murfi, sabuwar matata. A lura da ɗan sandan da ke nuna yawan mai, kada a lanƙwasa shi. Famfon kuma a sayi daidai da lambar motarka. Na hannu mai arha yana da daɗin saye, amma araha ba ta ado, kuma kuɗin sauke tanki sau biyu ya fi bambancin.

In an ga tankin ya huje, kada ka yarda a kai shi wurin mai walda haka nan wai ai babu mai a ciki. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin tururi da iska ne suka gauraya a ciki, wuta kawai suke jira.

Bayan an mayar da komai, a murɗa makulli sau uku ba a tayar ba, don mai ya cika bututu. A tayar, a leƙa ƙasa, a shinshina. In ka ji warin fetur cikin mota, kada ka ɗauki iyali ko fasinja sai an gano inda yake fita.

Saboda haka, malam direba na Zongo, ka koma wurin makanikinka ka ce a auna a gabanka tukuna. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma makanikin kirki ba zai ji haushin tambaya ba. In an gama, ka riƙa barin aƙalla kwatan tanki da mai, ka sha a gidan mai duk lokacin da hali ya yi.

Allah ya tsare mu a hanya, ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa.