Kafin Ka Ce "Na Ɗauka": Lodi, Lokaci Da Lafiyar Direba

Jawabin da ɗaya daga cikin likitocinmu ya gabatar a zaman reshen ƙungiya na Makka. Mun buga shi domin amfanin 'yan'uwa na gida da na waje.

 

Da kwamiti ya nemi in yi magana kan lafiyar direbobinmu, na san abin da ake sa ran ji: a rage gishiri, a sha ruwa, a yi barci. Duk zan taɓo su. Amma shekarun da na yi ina duba marasa lafiya, a gida da nan, sun nuna mini cewa yawancin ciwon direban babbar mota daga wayar tarho yake somawa. Waya ta yi ƙara, an ce ga lodi, ya ce "na ɗauka" tun bai tambayi ƙarfe nawa ake son kayan su isa ba. Daga nan an riga an yanke masa awa nawa zai yi barci, da me zai ci, da irin gudun da zai yi. Saboda haka yau maganata a kan cinikin lodi take.

Mutanenmu sun daɗe a garin nan. A Misfala da Jarwal da Hindawiyya da Shari'u Mansur akwai waɗanda kakanninsu suka zo a ƙasa, yau 'yan ƙasa ne masu amsa sunan Hausawi ko Barnawi ko Fallata, akwai kuma irinmu masu zaman igama. A cikin duka biyun akwai masu cin abinci da sitiyari: masu dina da ke ɗauko kaya daga rumbunan Jidda zuwa otal-otal, masu jigilar kayan gwari na kasuwar Ka'akiyya, da masu tirela da ke yin Madina da Riyad. A gida kuma kowa ya san mai mota mai tuƙa kayarsa, wanda ke lodin hatsi a Dawanau ko tumatir a Kwanar Gafan ya nufi Legas.

Lodi kan zo wa irin wannan direba ta hanya uku: ta hannun ɗan kamasho, ko ta ofishin kamfanin da motar ke aiki a ƙarƙashinsa, ko ta waya, a manhaja ko a zauren WhatsApp, inda wanda ya riga amsawa shi ya samu. Duk ukun abu ɗaya ya haɗa su: kuɗin sawu ake biya, ba kuɗin awa ba. In ka yi awa shida a layi kana jiran a loda maka, asararka ce. In ka dawo wayam, man da ka ƙona naka ne. Ga bashin mota yana jira ƙarshen wata, ga haya, ga aiken gida. Mutumin da ke cikin wannan hali ba shi da abin da zai rage sai barcinsa, don shi kaɗai ne ba a rubuta masa tara a kai nan take.

Bari mu yi lissafi tare. Daga Jidda zuwa Riyad kusan kilomita 950 ne. Tirela mai kaya, in an haɗa da hawa da shingaye da shan mai, a ce tana cin kilomita 70 a awa. Tuƙi zalla ya haura awa 13 ke nan. To sai a kira ka a ce za a loda maka bayan La'asar, ana son kaya a Riyad da Asuba, kai kuma tun safe kana tsaye. Wanda ya ba ka wannan lodin bai bar maka gurbin runtsawa ba, kuma ya sani.

Doka ma ba ta yarda ba. Ƙa'idar Hukumar Sufuri ta Saudiyya, wadda ta yi daidai da ta Tarayyar Turai, ita ce kada direban babbar mota ya wuce awa 9 yana tuƙi a yini, sai sau biyu a mako da aka yarda ya kai 10, kuma bayan kowace awa huɗu da rabi ya huta minti 45. A Amurka awa 11 ce iyaka, bayan hutun awa 10 a jere, kuma tun Disambar 2017 na'ura ce a cikin mota ke rubuta awannin. A can, mai mota da zai shiga yarjejeniya da kamfanin kayan gaggawa, tambayarsa ta farko ita ce: in na ƙi lodi, za a hukunta ni? Kuma lodin nesa mai gaggawa direbobi biyu ake ba wa, ɗaya na tuƙi ɗaya na barci.

Waɗannan awanni ba da ka aka tsara su ba. Binciken masana barci ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin taka birkinsa sun yi rauni kamar na wanda ya sha giyar da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi da ita. Mu da muke ƙyamar giya, sai ga shi muna hawa titi a cikin halin mai maye ba mu sani ba. Akwai kuma gyangyaɗin daƙiƙa uku ko huɗu, wanda ido kan iya kasancewa a buɗe amma ƙwaƙwalwa ta kashe fitila. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙa huɗu ke nan ta wuce tsawon filin ƙwallo babu mai tuƙa ta. Lokacin da wannan ya fi faruwa shi ne daga ƙarfe biyun dare zuwa Asuba, sai kuma bayan Azahar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma kowannenmu nan ya yi zaman makokin wani daga cikinsu.

Na san abin da ake yi don a kori barci. Goro da gahawa da shayi suna ɗan jinkirta shi, ba sa biyan bashinsa. Gwangwanayen lemon ƙara kuzari suna ɗaga bugun zuciya, ga sukari jibge a ciki. Daga nan wasu kan zarce zuwa ƙwaya: taramol a gida, kaftagon a nan. Taramol na kawo farfaɗiya, har ga wanda bai taɓa yi ba. Kaftagon na hana barci kwana biyu, sannan ya saki mutum lokaci ɗaya, galibi a kan hanyar dawowa, ban da ruɗewar tunani da hawan jini. Hukuncin kama mutum da ita a ƙasar nan kuwa ba sai na faɗa wa kowa ba.

Wani bawan Allah ɗan shekara hamsin da 'yan kai, mai jigilar ruwan sha, an kawo mana shi a goman ƙarshe na wani Ramadan, bakinsa ya karkace, hannun dama ba ya ɗaguwa. Ya san yana da hawan jini. Maganinsa ya ƙare kwana goma kafin nan, bai samu sararin zuwa karɓo wani ba, domin a wannan lokacin lodi ba ya yankewa, kuma an nuna masa cewa in ya tsallake sawu ɗaya za a ba wani gurbinsa. Dare uku ya yi yana barcin awa biyu-biyu. Allah ya sa a wurin sauke kaya abin ya same shi, ba a kan titi ba. Ya rayu, amma ya bar tuƙi har abada, kuma kuɗin waɗancan sawaye bai biya masa jinyar wata biyu ba.

Ban da hawan jini, abubuwa uku na fi gani a jikin direbobinmu. Na ɗaya ciwon sukari: mai allurar insulin ko wasu ƙwayoyin, in ya tsallake abinci sukarinsa kan faɗi, ya ji rawar jiki da gumi da ganin dishi-dishi. In na'ura ta nuna ƙasa da 90, a ci wani abu kafin a tayar da mota, in ƙasa da 70 ne kuwa babu maganar tuƙi sai an gyara. Na biyu tsakuwar ƙoda, saboda a zafin da kan haura digiri 45 direba na ƙin shan ruwa don kada fitsari ya tsayar da shi. Na uku minshari mai ɗauke numfashi. In uwargida ta ce kana minshari har numfashinka ya tsaya sannan ka zabura, kuma kana tashi da ciwon kai da kasala ko ka kwana awa takwas, je a gwada ka. Cuta ce mai magani, kuma tana ninka haɗarin yin gyangyaɗi a kan hanya.

To me za a tambaya kafin a ce "na ɗauka"? Ga shida.

Ƙarfe nawa za a gama loda mini, ba ƙarfe nawa zan iso ba? Ƙarfe nawa ake son kayan, kuma in na raba nisan da gudun da doka ta yarda, akwai gurbin barci a ciki? In aka ajiye ni a layi, daga awa nawa kuɗin jira zai fara? Nauyin kayan nawa ne, kuma in sikelin hanya ya kama ƙari, wa zai biya tara? An fitar da takardar jigilar kaya ta tsarin Bayan, kuma abin da ke cikinta shi ne abin da ke bayan motata? Yaushe za a biya ni, kuma kamasho nawa aka cire?

A lissafin lokacin a sa abubuwan da muka sani na garin nan: awannin da ake hana manyan motoci shiga cikin Jidda da Riyad, layin shingen Shumaisi, tasrihin shiga Makka a lokacin Hajji, da cewa babbar mota mai zuwa Ɗa'ifa ta Sailul Kabir take bi, ba ta hawan Hada ba. Wanda bai sa su ba, da gudu zai cike giɓin, kyamarar Sahir kuma ta cinye ribar. Duk abin da aka yi yarjejeniya a kai a rubuta shi, ko da a saƙon waya ne.

Akwai magana mai nauyi da dole in faɗa. Wasu 'yan'uwa masu igama sun tara guminsu sun sayi mota, amma da sunan wani ɗan ƙasa aka rubuta ta, suna ba shi wani abu duk wata. Wannan shi ake kira tasattur. Dokar da aka sabunta a 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar da tarar da za ta iya kai riyal miliyan biyar. Ko ba a kama ka ba, ranar da ka kwanta ciwo ko ka rasu, iyalinka ba su da takardar da za su nuna cewa motar taka ce. Mai irin wannan mota shi ya fi kowa kasa ƙin lodi, domin ba shi da inda zai kai ƙara.

'Yan'uwa na gida da za su karanta wannan, maganar ta shafe ku. Kano zuwa Legas ya haura kilomita dubu. Mai tumatir yana son kayansa a kasuwar Mile 12 kafin su ruɓe, wannan gaskiya ne, amma maganin haka direba na biyu ne, kuma kuɗinsa ya shiga cikin kuɗin mota tun farko. Yaron mota da bai ƙware ba ba direba na biyu ba ne. A tsaya a Tafa ko Mararrabar Jos a yi barcin gaske. A daina ɗora mutane a saman kaya ko saman shanu, domin ranar da motar ta faɗi gari guda ke zaman makoki. Shugabannin NARTO da NURTW na rassanmu suna da bakin da za su sa a tasha a daina ba wanda ya sauka yanzu sabon lodin dare.

Ga roƙona ga ƙungiya. Na farko, a kowane zaman wata zan zo da na'urar awon jini da ta sukari, ni da abokan aikina, kyauta. Wanda aka samu jininsa ya kai 140 bisa 90 sau biyu za mu nuna masa inda zai je. Na biyu, direbobinmu su buɗe asusun taimakon juna, ko adashi ne, yadda wanda ya ƙi mugun lodi ko ya kwanta kwana uku ba zai rasa kuɗin bashin mota ba. Mai yunwa ba ya iya cewa a'a, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na uku, 'yan kasuwarmu da 'yan kamashonmu da ke zaune a nan, ku ne masu kiran wayar. In kun ce "lallai gobe da safe", ku tuna ɗan wa kuke faɗa wa.

Kai kuma ɗan'uwa direba, in ka ji kana hamma a jere, ko ka kasa tuna kilomitocin da ka wuce yanzu, ko tayarka ta taka layin gefe, ka sauka a wuri mai aminci. Sha gahawa, ka kwanta minti ashirin, zai kai ka masauki mafi kusa, can ka yi barci sosai. Sauri ya haifi nawa, in ji magabata. Lodin da ka bari yau wani zai zo gobe, amma 'ya'yanka uba ɗaya gare su.

Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya sa albarka a sana'armu, ya jiƙan waɗanda muka rasa.