A Zariya aka yi shi, a Turai ake nemansa: ina tsofaffin faifanmu suka shiga?

Daga nan Mazanya nake magana, ƙasar Jibiya, inda in ka ɗan matsa gaba kaɗan wayarka za ta fara yi maka maraba da zuwa Nijar. In kun ji kukan jaki ko ƙarar babur a bayan muryata ku yi haƙuri, sutudiyon namu ke nan.

Yau ba maganar tsaro zan yi ba, ba kuma ta katin zaɓe ba. Maganar faifai da kaset zan yi. Na san wani zai ce, "Kai da ka saba yi mana zancen matasa da aikin yi, yau kuma kiɗa?" Ka ba ni 'yan mintoci, ɗan'uwa, in ka ga ɓata lokaci ne sai ka wuce.

Akwai wani Ba'amurke baƙar fata, sunansa Yusef Lateef. An haife shi a 1920, ya tashi a birnin Detroit, ya musulunta tun yana matashi, ya rasu a Disambar 2013 yana da shekara 93. Yana cikin manyan masu busa a kiɗan da ake kira jaz, wato kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da makaɗi ke ƙirƙirar sautinsa nan take yana cikin yi, kamar yadda mawaƙanmu ke ƙago baiti a tsakiyar fili. Abin dariya, shi kansa bai son a kira kiɗansa da wannan suna. To wannan mutumi ya zo ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985, yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Sarewar Fulani ce ta fi ɗaukar hankalinsa. Har littafi suka rubuta shi da Ziky Kofoworola a kan kiɗa da wasannin Hausa, ya fito a 1987.

A 1983, yana nan Zariya, ya yi wani faifai da makaɗanmu na gida, ya sa masa suna da Hausa: Hikima. Ba a buga da yawa ba, faifan ya ɓace daga kasuwa. Shekaru suna tafiya, masu tara tsofaffin faifai a Turai da Amurka da Japan suna jin labarinsa kamar labarin aljanna, sai wanda ya yi sa'a yake ganinsa da ido. Sai a 2019 wani ƙaramin kamfani a waje ya sake buga shi.

Ni kuma fa? Na yi jami'a na gama, ina taƙamar na san tarihin Arewa, wallahi ban taɓa jin sunan faifan nan ba sai da na ci karo da shi a intanet, tsakar dare, ina neman wani abu daban. Sunan faifai Hausa, wurin da aka yi shi ƙasar Hausa, wanda ya tono shi ba ya jin ko "sannu". Kun gane inda abin ya sosa mini?

Su masu son jaz ɗin nan, ku bar su da naci. Mutum zai shafe shekara ashirin yana rubuta wa kamfani wasiƙa a sake buga masa faifai guda da ya daina fitowa. Kuma nacin yana biya. A watan Nuwamba na 1957, Thelonious Monk da John Coltrane sun yi wasa a Carnegie Hall da ke New York, Muryar Amurka ta ɗauka, aka ajiye zaren aka manta. Sai a 2005 wani ma'aikacin ɗakin karatun majalisar dokokin Amurka ya gano shi cikin tarin zaren da yake dubawa. Shekara 48 yana kwance. Shi ma Coltrane ɗin, akwai aikin da ya ɗauka ranar 6 ga Maris 1963, uwar zaren ta salwanta a hannun kamfani. Abin da ya cece shi, kwafin da ya tafi da shi gida, wanda ya zauna a wurin dangin matarsa ta farko, Naima. A 2018 aka fitar da shi, duniya ta ɗauka. Ku riƙe wannan: kwafin gida ne ya tsira, ba na kamfani ba.

Mu dawo kusa, mu tsallaka iyaka. Mutanen Nijar da ke saurare, musamman manya, kun san sautin Mamman Sani ko da ba ku san sunansa ba, don shekara da shekaru rediyo da talabijin na ƙasar suna sa kiɗansa a tsakanin shirye-shirye. Da wata molon lantarki mai madannai, ƙirar Italiya, yake kiɗan. Ya ɗauki kaset ɗinsa na farko a gidan rediyon ƙasa a Yamai, aka buga 'yan kaɗan, shi ke nan. Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsinci kaset ɗin a wani ɗakin ajiya a Yamai, ya nemi mai shi, suka daidaita, aka sake fitar da shi a 2013. Daga baya har ayyukansa na tsakanin 1981 da 1984 da ba a taɓa fitarwa ba aka buga. Shi ya yi sa'a, abin ya same shi da ransa, ya ga yaran Turai suna rububin kiɗan da ya yi tun kafin a haife su.

Nawa ne ba su yi wannan sa'ar ba? A nan zan ba ku labarin gidanmu.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, Allah ya jiƙansa, sana'arsa sayar da kaset. Ranar Lahadi yana kasuwar Jibiya, wasu ranakun yana Maraɗi, ya kai na Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya, ya dawo da na Gawo Filinge da Sa'adu Bori. A wurinsa wannan iyakar layi ce kawai da Bature ya ja. Amma ba kaset ɗin kasuwa ne dukiyarsa ta gaske ba. Yana da wata rikoda mai batir shida da yake rataya wa a kafaɗa. Duk inda ya ji ana biki ko dambe ko kokawa ko kiɗan ƙwarya na mata, sai ya je ya danna. Makaɗan ƙauye ne, waɗanda ba su taɓa taka ƙofar sutudiyo ba, ba su taɓa shiga rediyo ba. In ya dawo ya rubuta sunan gari da shekara a jikin kwalin da ajami, ya jefa a wata adakar ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa. Muna yara muna yi masa dariya, wai Kawu yana tara shara.

Daren 15 ga Yulin 2018 ruwa ya ci Jibiya. Duk ɗan yankin nan ya san wannan dare, mutum sama da arba'in suka rasu, Allah ya gafarta musu. Don haka ba zan tsaya ina kukan kaset ba a inda aka rasa rayuka, kar wani ya fahimce ni a baibai. Amma da aka buɗe adakar bayan kwanaki, taɓo ne cike, zaren duk ya manne ya yi funfuna. Kawu bai ce komai ba. Ya rufe ya tura ta gefe.

Guda ɗaya ya tsira, saboda na are shi na tafi da shi makaranta ban mayar ba. Wani mai gurmi ne daga wani ƙauye can tsallake, murya kamar ana zuba zuma, yana yi wa manoma waƙa yana jero sunayen garuruwa. To ku ji wautar da na yi. Bayan rasuwar Kawu kewa ta kama ni, na samo wata tsohuwar rediyo da ta shekara goma ba a kunna ba, na zura kaset ɗin. Ko minti uku bai yi ba na ji muryar ta fara ja kamar mai maye, kafin in kai hannu rediyon ta tauna zaren. Na zauna da biro ina naɗewa, na liƙa da abin goge farce, amma wajen ya tafi har abada. Ruwa bai ci shi ba, ni na ci shi da hannuna. Har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina.

Nan na fara karatu a kan abin. Ashe zaren kaset leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe da wani irin gam. Zafi da laima suna kashe gam ɗin, sai garin ya riƙa zubewa, kuma sautin a jikin garin yake. Ajiye shi kusa da lasifika ma matsala ne, saboda maganaɗisun da ke ciki. Faifan garmaho kuwa rana ce maƙiyiyarsa, lanƙwashewa yake. Yanzu ku auna ɗakin kwano a Jibiya a watan Afrilu. Duk kaset ɗin da ke gidajenmu a kan hanyar mutuwa yake, ko an taɓa shi ko ba a taɓa ba.

Wani zai ce, "Ai duk suna memori, je ka wajen masu turi a kasuwa, za a cika maka waya." Haka ne, kuma ban raina masu turi ba, sun yi aikin da hukumomi ba su yi ba. Amma saurari abin da aka tura maka da kyau. An kwafa daga kwafin kwafi, an matse shi don ya shiga waya, kalangu ya koma kamar ana buga gwangwani, an yanke farko, an yanke ƙarshe, wani ma ya ɗora tallar shagonsa a tsakiya. Sunan fayil ɗin kuma "Shata 14". Yaushe aka yi? A ina? Su wa ke amshi, wa ke riƙe da kalangu? Oho. Shata kenan fa, wanda ya rasu a 1999, wanda har littafin tarihinsa Ibrahim Sheme ya jagoranci rubutawa. In nasa ya zama haka, ina ga mai gurmin Kawu? Shi mai son jaz zai gaya maka rana da wata da sunan wanda ya buga ganga. Wannan bayanin shi ke mai da sauti tarihi.

Sai maganar haƙƙi, wadda ita ce ta fi damuna a matsayina na mai fafutuka. Mun ɗauka waƙar wanda ya mutu ta zama ta kowa. Ba haka doka ta ce ba. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, waƙa tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, shi kuma sautin da aka ɗauka shekara 50. Ku lissafa na Shata, ku lissafa na Ɗan Maraya da ya rasu a 2015. Amma ku shiga YouTube ku ga masu ɗora waƙoƙin nan suna tara masu kallo, ku tambayi kanku ko sisi na isa ga magada. Shi ya sa ni ba na cikin masu zagin Bature don ya zo ya sake buga faifanmu. In ya nemi mai abu, ya yi yarjejeniya a rubuce, ya biya, ya fi ɗan gida da ya kwasa kyauta yana cewa wai raya al'ada yake. In kuma ya saya a hannun jikan da bai san darajar abin ba, da kuɗin cefanen kwana biyu, wannan wawaso ne ko da an yi shi da murmushi.

Kuma aikin nan mai yiwuwa ne, an yi a Gini. Wani mai bincike ɗan Ostireliya, Graeme Counsel, ya zauna a ɗakin ajiyar gidan rediyon ƙasar a Konakiri tsakanin 2008 da 2013, da tallafin ɗakin karatu na Birtaniya, ya juye waƙoƙi sama da 9,000 daga tsofaffin zare zuwa kwamfuta. Daga baya aka sa su a intanet don kowa ya saurara. Ni kuwa in na tuna shekarun da Rediyon Kaduna ya yi yana ɗaukar makaɗan Arewa, da na Muryar Sahel a Yamai, sai in ce ina ma 'yan majalisarmu za su tashi rana ɗaya su nemi a ware kuɗin irin wannan aiki. Bai kai kuɗin motar rakiya biyu ba.

Ga 'yan'uwana da za su rubuto su ce kiɗa ba abin ɓata lokaci a kansa ba ne, na ji, ba zan yi jayayya da ku a nan ba. Amma adakar da ke ɗauke da mai gurmi ita ke ɗauke da tafsirin malamin garinku da ya rasu, da kaset ɗin saƙon murya da kakanku ya aiko daga Makka ko Kumasi lokacin da babu waya. Zafin da ke cin wannan shi ke cin wancan.

Don haka ga roƙona. In ka je gida wannan satin, ka tambayi Baba ko Inna ina tsofaffin kaset ɗin nan suke. In ka same su, don Allah kar ka kunna, kar ka maimaita wautata. Ka fitar da su daga ɗakin kwano zuwa wuri mai sanyi marar laima, ka jera su a tsaye. Ka ɗauki hoton kwalin gaba da baya. Sannan ka zauna da dattijon da ya san abin da ke ciki, ka kunna rikodar wayarka, ka tambaye shi wane ne wannan, a wane gari, bikin wa. Wannan ya fi gaggawa, don wani lokacin dattijon yana riga kaset ɗin tafiya.

Mu nan mu huɗu ne, mun haɗa kuɗi mun sayi wata rikoda mai lafiya, wani mai gyaran rediyo a Katsina ya canza mata bel ya wanke mata kai, mun samo wayar da ke haɗa ta da kwamfuta. Ba ma karɓar ko kwabo, kaset ɗinka kuma a gabanka za a juye a miƙa maka abinka, ba za mu ɗora komai a intanet ba sai da yardar iyalan mai muryar. Wanda ke da shi ya ajiye mana hoton kwalin a ƙarƙashin wannan rubutu. Mutanen Ɗan Isa da Maraɗi, har da ku nake.

Ragowar kaset ɗin mai gurmin nan shi muka fara juyewa, minti goma sha ɗaya suka fita. A mako mai zuwa zan sa muku minti ɗaya daga ciki, ko Allah zai sa wani ya gane muryar kakansa ya gaya mana sunansa. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.