Kwance Tiyo da Wayar Winci: Ilmin da Ake Rainawa a Aikin Tarakta



Akwai wani wasan kwamfuta mai suna Stormworks, wanda aka kammala fitarwa a 2020, inda mai wasa yake ƙera mota ko jirgin ruwa da kansa, ya ɗaura masa tiyon ruwa ko na mai, ya kuma haɗa masa winci, watau na'urar da ke naɗe waya domin jan kaya mai nauyi. A cikin wasan da danna maɓalli ake cire tiyo, in an yi kuskure kuwa sai a sake sabon zubi. Ɗalibin da zai fita aiki a gonakin Tsiga, ta ƙasar Bakori, wajibi ne ya san cewa a tarakta ta gaskiya babu sabon zubi, kuma lokacin kwancewa ya fi lokacin ɗaurawa hatsari.

Tarakta ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A 1975 aka soma Shirin Raya Aikin Gona na Funtua da taimakon Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe, kuma tun daga wannan zamani manoman auduga da masara da dawa suka saba da hayar tarakta. An koyar da tuƙi, an koyar da huɗa, amma yadda ake raba tarakta da kayan aikinta sai aka bar wa yaron mota ya koya da ido.

Tushen al'amarin shi ne matsi. Tun cikin ƙarni na 17 masanin nan na Faransa, Blaise Pascal, ya bayyana cewa in aka danna ruwan da ke kulle a wuri guda, matsin yakan watsu ko'ina cikinsa daidai wa daida. Da wannan ƙa'ida man haidirolik yake ɗaga garma, yake juye tirela. Matsinsa a cikin tiyo yakan kai wajen ninki 80 zuwa 100 na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota, kuma kashe inji ba ya kawar da shi. Muddin tirela tana sama da buhunan masara a cikinta, nauyin nan yana kan man da ke cikin tiyon. Wanda ya fizge bakin tiyo a wannan hali, ko dai kayan su rufto, ko man ya feso da ƙarfi.

Mafi muni shi ne ɓular da ba ta fi bakin allura ba. Bakanike ya shafa hannu yana neman inda ke yoyo, sai man ya huda fata ya shige cikin nama. Raunin kamar sukar ƙaya, saboda haka akan raina shi, alhali kuwa in ba a kai mutum ga likitan fiɗa cikin 'yan sa'o'i ba, yatsa ko hannu yana iya salwanta. Da guntun kwali ake neman yoyo, ba da hannu ba.

To, ga tsarin da ya dace. A sauke garma ko tirela har ƙasa, a kashe inji, a kaɗa libar haidirolik gaba da baya domin man ya koma tanki, sa'an nan a zare tiyo. A goge bakinsa a rufe shi da murfi, a rataye shi, gama ƙurar hunturu in ta shiga mai sai ta cinye famfo, gyaransa kuwa yakan tsayar da tarakta a daidai lokacin da manomi yake jiran huɗa. Haka kuma tiyon da aka bari a rana, man cikinsa yakan kumbura har bakin ya ƙi shiga. Dukansa da guduma ganganci ne.

Wayar winci ma haka take. Da damina, sa'ad da babbar mota ta kafe a laka a hanyar ƙauye, wayar da aka ja ta da ita tana riƙe da ƙarfi kamar tsirkiyar baka. Kafin a cire ƙugiya, lalle a sa weji a tayoyi, a sassauta waya har ta kwanta ƙasa. Yayin ja kuwa, a jefa buhu mai nauyi a kanta domin in ta tsinke ta faɗi ƙasa, a kuma kori 'yan kallo nesa.

Jama'a sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma kula da kaya ya fi ban cigiya. Ma'aikacin da ke sayo tarakta da kuɗin jama'a, haƙƙi ne a kansa ya tabbata murafu da littafin umurni sun iso tare da ita, ya kuma tabbata an horar da yaron mota kamar yadda aka horar da direba, domin shi ne mai sa hannu a tiyo.

Allah Ya ba da damina mai albarka. Wassalam.