Palermo: Kasuwa Na Maraba da Baƙo, Ofis Na Tambayar Takarda

An nemi in yi magana a kan zaman baƙo a wani birnin gaɓar teku na Italiya, sai na zaɓi Palermo, babban birnin tsibirin Sisili, mai mutane sama da 600,000, inda jirgin ruwa ke tashi kai tsaye zuwa Tunis.

Garin ya san Afirka tun ba yau ba. Musulmi sun ci shi a 831, ya zauna a hannunsu har Normawa suka karɓe shi a 1072. A fadar Sarki Roger na Biyu ne Al-Idrisi ya kammala littafinsa na taswirar duniya a 1154, har ya ambaci tsohuwar daular Ghana da Kanem a ciki. To amma ko kusa kada tarihin nan ya ruɗi kowa, yau masallacin da aka fi sani a tsakiyar gari tsohuwar coci ce da aka mayar masallaci a 1990.

Wurin da baƙo zai fara sakin jiki shi ne kasuwar Ballarò. Tun da safe masu kifi da masu kayan lambu ke ta kwarara kira da harshen Sisili, wanda ko ɗan Milan sai ya kasa kunne kafin ya gane. Kusa da su ga shagunan 'yan Bangladesh da 'yan Ghana, ga doya, ga manja, ga garin rogo. A bakin titi za a miƙa maka panelle, garin wani irin wake ne da ake soyawa a cusa cikin burodi, ɗan'uwan ƙosai ne kawai. Sai dai Musulmi ya kula: shahararren burodin nan mai saifa, pani ca meusa, naman sa ne amma da kitsen alade ake soya shi, kuma kitsen nan, strutto, yakan shiga kayan gidan burodi da dama. A tambaya kafin a ci, ba wanda zai ga laifinka.

Lokaci ma yana da tsarinsa. Daga wajen ƙarfe 1 na rana ƙananan shaguna da yawa ke ja ƙofa, sai bayan ƙarfe 4. Ana shan kofi a tsaye, cikin minti biyu an gama. In ka shiga shago ka ce buongiorno, in dattijo ne ka kira shi da Lei, kalmar girmamawa, domin su ma sun san girman na gaba. Daren 14 ga Yuli kuwa gari kan cika maƙil saboda bikin waliyyiyarsu Santa Rosalia, wadda suka yi imani ita ta kawar musu da annobar 1624.

Duk wannan mai sauƙi ne. Wahalar tana wajen takardu, kuma sarƙa ce, kowace tana riƙe da 'yar'uwarta. Akwai izinin zama, permesso di soggiorno, wanda ofishin 'yan sanda na Questura ke bayarwa, kuma jiransa kan ɗauki watanni. Akwai lambar haraji, codice fiscale, wadda ba ka buɗe asusun banki ko sayen layin waya ba tare da ita ba. Sai rajistar adireshi a ƙaramar hukuma, da katin lafiya da ke ba ka likitan unguwa kyauta. Nan ne mutanenmu ke faɗawa rami. Mai gida zai ba ka ɗaki da araha ya ce ba sai an rubuta yarjejeniya ba. Mai aiki zai biya ka a hannu, abin da suke kira lavoro nero. Ranar sabunta izini sai a ce kawo shaidar gida da ta albashi, kai kuma ba ka da ko ɗaya. Araha ba ta ado, jama'a.

Za ku tambaye ni batun Mafiya. Tana nan, kuma 'yan tasha sun sha karɓar kuɗin dole a wajen masu shaguna. Amma a 2016 wasu 'yan kasuwa baƙi, yawancinsu 'yan Bangladesh, a titin Via Maqueda suka haɗa kai da ƙungiyar Addiopizzo mai yaƙi da kuɗin dolen suka kai ƙara, aka kuma kama waɗanda suka addabe su.

Daga ƙarshe, roƙona ga duk mai ɗa ko ƙane a can: ku matsa masa ya shiga makarantar manya ta gwamnati, CPIA, ya koyi Italiyanci. Izinin zama na dindindin, bayan shekara 5, sai da shaidar harshe matakin A2, zama ɗan ƙasa kuwa sai B1. Ku rage masa kiran neman kuɗi a shekarar farko, ku bar shi ya gyara takardunsa tukuna.